Mutuwar Batirin Babur: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Daga cikin asarorin da ke bin 'yan Arewa masu sana'ar acaba a ƙasar Kurmi akwai wadda ba a cika zancenta ba, domin ba ta da ƙara kamar kamen babur, ba ta kuwa jawo taron jama'a kamar haɗari. Asarar nan ita ce ta batir. Mutum zai sayi sabo, ya yi mako uku ko huɗu oda na kuka da ƙarfi, sigina na ƙyaftawa, sitata na tashi da taɓawa ɗaya, sai a wayi gari ya murɗa makulli ya ji shiru. Ya kai caji, a yi kwana biyu, ya sake mutuwa. Daga nan sai a yanke hukunci a bakin tasha ba tare da an auna kome ba, a ce ai batiran zamani ne ba su da ƙarko. A sayo wani, shi ma ya bi sawun ɗan'uwansa.

Gaskiya ne akwai jabun kaya a kasuwa, ba mai musun wannan. Amma fa batirin da ya mutu sau biyu, sau uku a jikin babur guda cikin 'yan watanni, mafi yawan lokaci ba mutuwar Allah da Annabi ya yi ba, kashe shi aka yi. Abin da ya kashe shi kuwa yana nan zaune cikin babur yana jiran na gaba. An bar jaki ke nan ana dukan taiki.

Da a ce sana'ar na da rara kamar da, sai a ce ƙaramar magana ce. To, amma mai karatu ya san yadda abubuwa suka tafi. A 2013 aka hana acaba a birnin Kano, samari da yawa suka nufo kudu da baburansu. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Jihar Legas ta hana sana'ar ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida, cikinsu har da Ikeja, Surulere da Apapa, a watan Satumba na shekarar ta ƙara huɗu, cikinsu da Mushin da Oshodi. Aka tura masu babura gefen gari, wuraren Ikorodu da Ojo, wasu suka tsallaka Sango-Ota da Mowe a Jihar Ogun, wasu suka wuce Shagamu da Badun. Ana cikin haka, a watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur. Wanda ke biyan kuɗin babur mako-mako ga maigidansa, ya biya tikitin tasha, ya sha mai, ya ci abinci, sannan ya aika gida, shi ya san abin da kuɗin batir guda yake nufi. Buhun taki ne aka ɓantare wa gefe.

Kafin a gane inda gizo ke saƙa, sai an fahimci abu guda: batir ba ya haifar da wuta, ajiye ta yake yi. Randa ce. Duk wanda ya zauna a unguwar da ba famfo a Ikko ya san cewa randa takan wayi gari a bushe ko don ta tsage, ko don ɗan garuwa bai kawo ruwa ba, ko don mutanen gidan sun fi ƙarfin abin da ake kawowa, ko kuma wani ne yake ɗiba da dare. Magidancin da ke sayen sabuwar randa duk ran da ya tarar da ita ba ruwa, ba tare da ya tambayi ɗan garuwa ba, ai maƙwabta za su fara yi masa wani irin kallo. To, abin da ake yi wa babur ke nan kullum, ba wanda ya ga abin mamaki.

Ɗan garuwar babur yana gefen inji, bayan murfi. Can akwai wani kwano mai nauyi da maganaɗisu a cikinsa, wanda kanikawa ke kira maganeto, yana juyawa tare da inji a kewayen naɗaɗɗiyar wayar tagulla, wato koyil. Juyawar nan ce ke haifar da wuta, kuma gwargwadon gudun inji gwargwadon yawanta. Sai dai wutar da koyil ke bayarwa mai kai-da-komo ce, batir kuwa ba ya karɓar sai mai tafiya hanya ɗaya. Saboda haka aka sa wani ɗan akwati a tsakani, sau da yawa mai jiki tsaga-tsaga don ya sha iska, shi ne rektifaya. Aikinta biyu ne, ta miƙar da wutar ta bi hanya guda, ta kuma tare rarar da ta wuce kima kada ta dafa batir. Rarar nan zafi take zama a jikinta, shi ya sa rektifayar da aka tura cikin lungu aka lulluɓe da leda ko tsumma ba ta daɗewa. Daga ita sai waya, sai fis, sai kan batir, sannan wata waya ta haɗa batir da ƙarfen jikin babur, ta nan wutar ke komawa. Ko'ina a hanyar nan aka sami matsala, batir ne zai fara nunawa, shi ya sa kullum shi ke shan zagi.

Hanyoyin gwajin da aka saba gani a bakin hanya su ne babbar damuwa. Wani zai ɗauki guntuwar waya ya goga a kan batir, in tartsatsi ya tashi ya ce lafiya lau. Tartsatsi ba ya faɗin ko batir cike yake ko saura kwata, banda haka batir na fitar da iska mai kamawa da wuta, musamman wanda aka ɗauko daga caji, kuma akwai waɗanda batir ya fashe musu a fuska ta wannan hanya. Wani kuma zai cire kan batir inji na aiki, in bai mutu ba ya ce caji na yi. Wannan gwaji ba ya tabbatar da kome a yawancin ƙananan baburan haya, domin wutar fulogi daga maganeto take zuwa kai tsaye, ko babu batir sam inji zai ci gaba da aiki. Abin da kawai za a iya samu shi ne a ƙona ƙwan fitila ko a raunana rektifaya. Akwai kuma hujjar da aka fi so: "Oga, dubi fitila yadda take haske, ina za a ce ba caji?" Alhali kuwa a babura da yawa fitilar gaba tana da wayarta dabam daga koyil, ba ta bi ta batir ba. Fitila na iya haska hanya har Ogere, batir na can yana mutuwa da ƙishi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in ji masu magana, sai dai wutar lantarki tana cikin abubuwan da ido bai san kimarsu ba.

Abin da ya san kimarta wata 'yar mita ce ta awon wuta, mai igiya biyu, ja da baƙa, wadda ake samu wurin masu sayar da kayan lantarki a kowane babban gari. Mai arahar cikinsu kuɗinta bai kai na batir guda ba. Ba ta bukatar takardar makaranta, wanda ya iya karanta lambar waya zai iya karanta ta.

Farkon aiki shi ne a cika batir da caji, a bar shi ya huta kamar awa guda ko biyu, domin gwada babur da batir maras wuta kan ba da amsar ƙarya. Sannan a juya mita zuwa inda aka rubuta DC, a lamba 20, a ɗora ja a kan mai alamar tarawa, baƙa a kan mai alamar ɗebewa. Batirin babur ɗaki shida ne a ciki, kowane ɗaki na ba da bolt 2.1 ko kusa da haka, saboda haka lafiyayye cikakke zai nuna 12.6 ko sama kaɗan. In ya nuna 12.2 rabi ne, in ya sauko 12.0 ya kusa ƙarewa. Mai karatu ya lura da ƙanƙantar tazarar, abin da ke tsakanin cikakke da mai rabi bai kai rabin bolt ba, ina tartsatsi zai gane wannan? In kuwa an yi masa caji dare guda amma ya tsaya wajen 10.5, to, ɗaki ɗaya ya mutu, wannan batir ya gama aikinsa, ba wani ruwa ko dabara da za ta tashe shi. Mai babur mai sitata sai ya danna yana kallon mita. Dole lambar ta faɗi, amma in ta yi ƙasa da 9.5 batir ya tsufa ko da ya nuna 12.6 a zaune. Randa ce mai kyan baki, gindinta ya tafi.

In batir ya tsallake wannan, sai a zo gwajin da ya fi kowanne muhimmanci, wanda kuma ba ya cin minti biyu. A ta da inji, mita na kan batir, a murɗa totur a riƙe a matsakaicin gudu. Lambar ta kamata ta hau ta zauna tsakanin 13.5 da 14.5. A silo ƙaramin babur na iya nuna ƙasa da haka, ba laifi ba ne, abin dubawa shi ne ta hau in an murɗa. Sannan a kunna fitila, a taka birki, a sa sigina, a sake dubawa. In lambar ta ƙi wuce 12 da ɗoriya duk yadda aka murɗa, ko ma tana sauka, to, ɗan garuwa ba ya zuwa. Ko batirin da aka yi da zinariya aka sa, kwanansa ƙidayayye ne.

A nan ne kanikawa da yawa ke gaggawa, su ce rektifaya ce, a sayo. Wani lokaci su dace, wani lokaci a sayar da kare a sayi biri. Tsari mai hankali shi ne a fara da abin da ba ya cin kuɗi. A duba fis da gidansa, domin gidan fis mai tsatsa na tare caji ko da fis ɗin bai ƙone ba. A kwance kan batir a kankare farin garin da ya taru a ɗaure tamau. A bi wayar da ke ɗaure a jikin babur, a kwance notin, a goge wurin har ƙarfe ya yi fari. A zare soket ɗin rektifaya da na koyil a leƙa ciki, in an ga kore-kore, ko roba ta narke ta yi baƙi, an kama ɓarawo. Wannan ciwo na kudu ne musamman. Yaron da ya koyi babur a Gusau ko Azare ya saba da ƙura da zafi, bai saba da ƙasar da ruwa ke zuba wata da watanni ba, ga iskar teku mai gishiri, ga ambaliyar Yuni da Yuli da babur ke ratsawa ruwa har gindin inji, ga masu wanki da ke harba ruwa mai ƙarfi cikin kowane lungu. Tagulla ba ta son wannan. Ɗan man giris a cikin soket bayan an goge shi ya kan ceci batir da rektifaya gaba ɗaya. Mai son tabbatarwa sai ya auna wuta a bakin rektifaya, ya auna a kan batir, inji na gudu iri ɗaya. In bambancin ya kai rabin bolt, wutar na ɓacewa ne a hanya, ba rektifaya ce ta gaza ba.

Bayan waya sai koyil. A zare soket ɗinsa, a mai da mita AC, a ta da inji a auna wayoyin da suka fito daga gefen inji. Lafiyayyen koyil wutarsa na hawa tare da totur, ta wuce bolt 20, ta wuce 30 tana tafiya. In ta tsaya cak a ƙasa, ko babu ita sam, koyil ya ƙone ko wayarsa ta tsinke a inda take fitowa daga murfi. Manyan babura masu waya rawaya uku ana auna su biyu-biyu, kuma dole amsoshin uku su zo daidai da juna. Ƙanana masu bin tsarin Honda yawanci fara ce ta caji, rawaya ta fitila, koriya ta jiki, ja mai zuwa batir, amma launin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kada mai Bajaj ko TVS ya ɗauki wannan kamar karatun allo. Akwai ma wani tarko: littattafan manyan babura na cewa in wayar koyil ta haɗu da jikin inji to ya lalace, alhali a ƙananan babura da dama da gangan aka ɗaure bakin koyil ɗaya a jiki. An sha jefar da lafiyayyen koyil saboda rabin sani. Wanda ya ga dama ya kai a sake naɗa masa koyil don sauƙin kuɗi, ba laifi, muddin mai naɗin ya kiyaye kaurin waya da yawan zagaye. In ya rage, cajin ma ya ragu ke nan har abada.

Sai koyil ya ba da wuta, waya ta tabbata lafiya, amma batir bai samu ba, sannan ne rektifaya ta cancanci a kira sunanta. Ko a nan ma a yi hattara wajen saye, domin akwai masu baki huɗu da suka yi kama kamar tagwaye amma haɗin cikinsu dabam. Soket ya shiga ba shi ne shaida ba. A tafi da tsohuwar, a faɗi irin babur, kuma da an ɗaura sabuwa a sake ɗora mita kafin a biya bakanike.

Akwai kishiyar wannan ciwo, wadda ta fi shi mugunta domin tana zuwa da fuskar lafiya. Rektifaya na iya daina tare rara, wuta ta yi ta kwarara. Mai babur zai ji oda ta ƙara murya, fitila ta ƙara haske, ya yi ta murna. Mita kuwa za ta nuna 15, 16, har sama. Alamunta ba sa ɓuya ga mai lura: ƙwan fitila na yawan ƙonewa, ruwan batir na ƙafewa da sauri, batir na zafi, gefensa na kumbura, wani lokaci a ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai a ƙarƙashin sirdi. Wannan batir dafa shi ake yi. Mutum ya sauya ƙwai uku a wata guda sannan batir ya mutu, amma bai taɓa haɗa labaran biyu ba, kowanne ya ɗora wa mai shago.

Ɓarawon dare kuma kama shi ba ya bukatar ko mita. Da yamma a cire wayar batir mai alamar ɗebewa, a mayar da safe. In an yi haka kwana biyu ko uku batir bai mutu ba, alhali da yakan kwana ya mutu, to, wani abu ne a jikin babur ke tsotsa bayan an kashe makulli. In kuwa ya mutu duk da an raba shi da babur, laifin nasa ne. Mai mita zai iya sa ta tsakanin kan batir da wayar da aka cire, a ma'aunin amfiya, makulli a kashe, ya riƙa zare kaya ɗai-ɗai har lambar ta faɗi kusa da sifili, sai dai kada ya kuskura ya taɓa sitata a wannan hali, mitar za ta ƙone. Waɗanda aka fi kamawa su ne cajar wayar da aka haɗa kai tsaye da batir, da ƙararrawar ɓarayi, da na'urar bin sawu da masu ba da babur bashi ke ɓoyewa a ciki, da kuma ita kanta rektifaya in ƙofarta ta lalace tana barin wuta ta koma baya. Abin da suke sha kaɗan ne, amma randar ƙarama ce. Batirin da aka rubuta wa 5Ah ma'anarsa zai iya ba da rabin amfiya har awa 10. Abin da ke shan kashi 2 cikin 100 na amfiya ɗaya dare da rana zai raba shi biyu cikin kwana biyar, ya ƙarar da shi cikin kwana goma.

To, a nan fa dole a faɗa wa masu baburan tasu gaskiyar, domin ba duka laifin ke kan kanikawa ba. Kamfani ya yi koyil daidai da kayan da babur ya zo da su, da 'yar rara kaɗan. Sai ɗan acaba ya mai da babur ɗakin amarya: fitilu masu launi a ƙarƙashi, ƙarin fitilar gaba biyu, odar tirela, rediyo da lasifika, caja mai baki uku. Ƙwai guda mai wat 35 na shan kusan amfiya 3. Biyu irinsa a kan ƙaramin batir, ana tsaye cikin gosulo inji na silo, ai ko lissafi ba a bukata. Wayar hannu ma da ake raina ta, irin mai babban batir mai lamba 5000, cika ta na cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na duk abin da batirin babur mai 5Ah ke riƙewa. Wanda ya kashe inji a tasha ya cika tasa da ta abokansa biyu don zumunci ya kwashe randar tas. Mai son ƙarin haske, kuma yana da hujja tunda unguwannin da aka tura su babu fitilun titi, gara ya nemi ƙwai irin na zamani mai cin wuta kaɗan, ya kuma sa a haɗa kowane ƙari ta bayan makulli, da fis ɗinsa. Maganar fis kuwa, masu naɗa waya ko takardar kwalin taba a madadinsa su sani shi ne kaɗai ke tsakanin tsinkakkiyar waya da gobara, ga tankin mai a samansa.

Tsadar mai ta kawo wata sabuwar ɗabi'a, wato kashe inji a kowace tsayawa da kowace gangara. Ba wanda zai ga laifin mai tattali. Amma sitata ita ce mafi cin wuta a jikin babur, kuma tafiyar minti uku daga bakin titi zuwa cikin unguwa ba lalle ta mayar da abin da aka ɗiba ba. A yi haka tun safe har dare, batir na raguwa kaɗan-kaɗan ko da koyil da rektifaya lafiyarsu ƙalau. Kik yana nan, ba ya cin kome sai ƙarfin ƙafa, ya kamata a raba musu aikin, musamman tashin farko na safe.

Batir irin wannan, na darma da ruwan asid, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi tun 1859, kuma har yau halinsa guda bai sauya ba: ba ya yafe zama da yunwa. In aka bar shi ba wuta kwana da kwanaki, wani farin abu kan daskare a jikin farantan cikinsa, wurin da ya daskare kuwa ya daina karɓar caji. Wannan ya shafi 'yan ci-rani kai tsaye. Mutum ya jingine babur a ɗaki ya tafi gida noma wata uku ko huɗu, ya dawo ya tarar da gawa. Da ya cika shi kafin tafiya, ya cire waya, ya bar wa ɗan'uwa amanar a kai shi caji sau ɗaya a wata, da ya same shi da rai. Wurin cajin ma a lura. Ƙa'ida ita ce kashi ɗaya cikin goma na lambar batir, wato mai 5Ah rabin amfiya, a hankali har wajen awa 10. Injin da ke cajin batirin mota in aka jona masa na babur don a sallami mai gaggawa cikin rabin awa, ya cika a ido, amma an rage masa kwana. Kuma in ruwa ya ragu, tataccen ruwa na batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan leda ba.

Wasu za su ce duk wannan dogon turanci ne, babur ai yana tashi da kik ko ba batir. Haka ne, yana tashi. Amma a babura da yawa oda da sigina da fitilar birki duk a wuyan batir suke. Wanda ke gaban tirela a hanyar Ikko zuwa Badun da magariba, ruwa na zuba, ya taka birki ba abin da ya haska a bayansa, ba kuɗin batir ya ajiye a faifai ba, ransa ne da na fasinjansa.

Kanikawa kuwa ba a ce mugunta ce ke sa su sauye-sauyen kaya ba. Yawancinsu haka suka koya wurin iyayen gidansu, a sauya wannan, in bai yi ba a sauya wancan, kuma mai babur da kansa ke tsaye a kansu yana cewa a yi sauri fasinja na wucewa. Sai dai kuɗin gwajin nan daga aljihun mai babur yake fita, saboda haka shi ke da hakkin ya ce, "Maigida, a ɗora mita in gani tukuna." Bakaniken da ya ji haushin wannan tambaya ya ba da amsa ke nan. Shugabannin tasha ma suna da abin yi. Ƙungiyar da ke karɓar kuɗin tikiti kullum ba za ta gaza sayen mita guda ta ajiye wurin sakatare ba, a sami yara biyu masu kai a nuna musu awo huɗun nan, na zaune, na sitata, na gudu da na dare. Duk wanda zai sayi batir a fara auna babur ɗinsa, a rubuta masa lambobin a takarda ya tafi da su wurin gyara. Shi ma mai sayar da batir na gaskiya wannan ya fi masa, domin rabin rigimar "kayanka jabu ne" a nan za ta mutu.

Saura maganar gawar. Kowane batir da aka kashe kafin lokacinsa darma ce aka ƙara a bola, kuma mutanen Arewa ba su bukatar a gaya musu abin da darma ke yi. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma ita ce dai wadda ke cikin batir. A 2025 binciken 'yan jarida ya sami darma mai yawa a jinin mazauna Ogijo, tsakanin Ikorodu da Shagamu, inda ake narka tsofaffin batira. Da yawa daga masu tara kayan bola a garuruwan nan 'yan gida ne, ɗaki guda suke kwana da 'yan acaba, wasu da iyalinsu. Mataccen batir a miƙa shi yadda yake ga mai shagon da ke karɓar tsoho, kada a fasa shi don a ciro darma, kada a tsiyaye ruwansa a kwata, kada kuma a ajiye shi ƙarƙashin gado inda yaro mai rarrafe zai kai hannu.